Maɗauri Mai Laushi

Tela yana tsakiyar kafa aljihun wani wando sai ya ji ana dukan bangon da ya raba shagonsa da ɗakin maƙwabcinsa, irin dukan da ba na wasa ba. Ya ɗauke ƙafa daga keke, ya bar wandon a ƙarƙashin allura, ya zaga ta ƙofar gidan ko takalmi bai tsaya nema ba.

Ya tarar maƙwabcin nasa, Likita, ya sake fizge allurar ƙarin ruwa. Jini yana bin bayan hannunsa yana ɗiga a kan zanen gado, ruwan ledar kuma yana tsiyaya a ƙasa. Matarsa ta rungume masa hannu ɗaya da duk ƙarfinta, gefen idonta a kumbure tun bugun da gwiwar hannunsa ta yi mata jiya. 'Yarsu, wadda kowa ke kira Auta, tana tsaye a bakin ƙofa da tsohon cikinta, ta rasa ta shiga ko ta fita.

"Baba Tela, kama masa ɗayan," in ji matar. "Robar fitsarin yake nema."

Tela ya zauna a bakin gado ya kama hannun. Hannu ne da ya sani tun suna da baƙin gashi, faffaɗa, mai kaurin yatsu, yanzu kuma ya kumbura har zoben da ke jiki ya nutse. Yatsun ba duka suke nema ba. Lalube suke yi, suna neman ƙulli.

"Ku kwance shi," in ji Likita, idonsa a kan bango. "Ya isa haka. Tun safe fa yake nan."

A gaskiya shi ba likita ba ne. Nas ne a asibitin masu taɓin hankali da ke bayan gari, sashen maza. Amma a layinsu duk wanda ya sa farar riga ya nufi asibiti likita ne, ya yi gyara har ya gaji ya bari. Ƙodarsa ce ta gaza. An yi ta wankin ƙoda har jikin ya daina ɗauka, asibiti suka ce a koma da shi gida a lallaɓa shi. Dattin da ƙoda ta kasa fitarwa shi ke hawa masa kai. Idan abin ya taso sai ya ga kansa a wurin aiki, ga gadaje jere, ga mutane a ɗaure, shi kuma sai ya bi su ya kwance. Ya kwance igiyar labule, ya kwance ɗaurin ɗankwalin matarsa, ya warware bandejin hannunsa. Duk abin da aka ƙulla a kusa da shi, sai ya ga bayansa.

Auta ta kira abokan aikinsa a waya. Rana ta ɗan karkata suka iso su biyu, daga aiki kai tsaye. Akwai Sista, babbar nas ta sashen, gajeriyar mace mai idanun wanda bai ƙoshi da barci ba shekara da shekaru. Akwai kuma Dogo, wanda aikinsa shi ne riƙe marar lafiya idan ya birkice, haƙoransa na gaba babu guda, wani ya fitar masa da shi da kai. Su ba Likita suke ce masa ba, Yaya suke cewa, don shi ya koya wa kusan kowa aiki a sashen.

Sista ta nemi wata jijiyar ta mayar da allurar, ta liƙa filasta, tana yi masa magana a hankali da muryar da suke yi wa marasa lafiyarsu. Dogo ya riƙe kafaɗun ba tare da ya danna ba, yana tsokanarsa, wai Yaya ya yi ritaya amma har yanzu yana ba su aikin kyauta. Da suka gama, Sista ta dubi idon matar da ya kumbura, ta dubi cikin Auta, sannan ta buɗe jakarta ta fito da abu biyu ta ajiye a kan gado.

Tela bai buƙaci ya taɓa su ba. Ɗinkinsa ne. Maɗaurai ne na hannu, faɗinsu kamar tafi, an yi su da yadi mai kauri, an cusa auduga a ciki, an bi bakin da layi biyu, kowanne da dogayen igiyoyi na yadi da ake ɗaurawa a ƙarfen gado.

Labarinsu ya daɗe. Wata rana, lokacin Auta tana makarantar firamare, Likita ya dawo daga aiki ya zauna a bencin ƙofar shago fuska a murtuke, har Tela ya tambaye shi ko an yi masa rasuwa ne. Ya ce a'a, wani saurayi aka ɗaure da igiyar shanya, ya yi ta fizga har igiyar ta ci naman wuyan hannunsa. Ya ce su ma'aikata kaɗan ne, marasa lafiya ɗaki fal, idan mutum ɗaya ya tashi ba yadda za a yi sai an ɗaure shi, amma ai ɗan Adam ba buhu ba ne. Washegari ya zo da tsohon bargon gidansa da zane a bayan kwali. Suka ɓata yadi ba kaɗan ba kafin su dace. Likita ya riƙa sa hannunsa Tela yana ɗaurewa a ƙafar benci, ya fizga, ya murɗa, ya ce a ƙara auduga a nan, a rage a can, mutanen layi suna wucewa suna dariya wai yau mai maganin ne ya kamu. Shi ya ƙirƙiro ƙullin da ake yi musu, wanda marar lafiya ba zai iya kwancewa ba amma ma'aikaci ja ɗaya zai yi ya warware.

Abin ya karɓu. Gyambon wuyan hannu ya ƙare a sashen maza, sashen mata suka aiko a ɗinka musu, har ma'aikata suka sa wa maɗaurin suna, suna cewa a sa wa wane hannun Yaya. Shekarun farko Likita yana jin daɗin sunan.

Daga baya ne ya daina. Ya bayyana wa Tela dalili a kan wannan bencin, a tsanake, yadda yake bayyana wa sababbin ma'aikata aiki. Ya ce lokacin igiya, jini ne ke kwance mutum. Da an ga ja a zanen gado dole a zo, dole a kwance, dole wani ya zauna da shi. Nasa maɗaurin kuwa ba ya jini, ba ya sa kuka, ba ya barin tabon da 'yan'uwa za su gani ranar ziyara su ɗaga murya. Sai ɗaurin sa'a guda ya koma na wuni, na wuni ya koma na kwana. Masu ofis suka lura sashen ya yi tsit, suka kwashe ma'aikata suka kai wani wuri, tunda yadi yana yin aikin mutum. Akwai wani dattijo, tsohon direba, marar hayaniya, wanda laifinsa kawai yawan tashi ya nufi ƙofa. Aka sa masa hannun Yaya da safe, aiki ya rincaɓe, da aka waiwaye shi jikinsa ya yi sanyi. Likita ya je ofis ya yi magana, ya koma ya sake yi. Aka ce masa ai shi ya kawo abin, kuma an gode.

"Garin neman gira," in ji shi a ranar, bai ƙarasa ba.

Tela ya ce to ya daina ɗinkawa mana. Likita ya girgiza kai, ya ce in ya daina igiya za a koma, igiya kuwa ta fi muni. Ya ce ya ci gaba da ɗinki, amma don Allah kada ya rataye su inda zai gani. Tun daga nan maɗauran suka koma ƙarƙashin tebur cikin baƙar leda, Dogo ke zuwa ya ɗauka ta ƙofar baya. Shi kuma Likita ya ci gaba da zuwa aiki yana ɗaure mutane da hannunsa, don ya ce gara shi ya yi da a bar wa wanda zai matse. Ya rage fira, ya rage ci. Matarsa ta ce ko barci yake yatsunsa ba sa hutawa. Ya cire sakatar kowane ɗaki a gidan, har na banɗaki, Auta ta yi ta mita.

Da ƙafafunsa suka fara kumbura, yana iya fitowa benci da sanda, sai wata safiya ya kira Tela da sunan tsokanar da yake kiransa.

"Mai almakashi, ajiye wannan ka ji. Ciwon nan na san shi. Akwai ranar da kaina zai juya. Ranar za su zo da jakarsu. Mutanen kirki ne, don ƙauna za su yi. Kada ka bari."

Tela ya so ya mayar da abin wasa, ya ce mutumin da ko kaza ba zai iya turewa ba wa zai ɓata yadi a kansa. Likita bai yi dariya ba. Ya ce matarsa tausayi zai ci ta, Auta kuma yarinya ce, shi ya sa ya zo wurin wanda ya san abin tun daga zare. Sai da Tela ya ce ya yi alkawari sannan Likita ya jingina da bango.

Wannan ne ya sa da Sista ta miƙa hannu za ta ɗauki maɗaurin farko, Tela ya ɗora nasa hannun a kai. Ya gaya mata maganar da suka yi. Ya yi tsammanin za ta yi musu, sai ya ga ta zauna a kan kujera kamar an zare mata laka. Ta ce ta sani, ita ma ya taɓa gaya mata, amma ta ɗauka in ranar ta zo za ta iya yin kamar ta manta. Ta ce maganin sa barci ba zai yiwu a ƙara masa ba, ƙodar ba za ta fitar ba. In ba a ɗaure ba, to sai dai a riƙe, riƙo kuwa ba na ɗan lokaci ba ne, mutum ne zai zauna ya ba da hannuwansa gaba ɗaya.

"Ina da hannu," in ji Tela.

"Baba, mu ma da hannu muka fara," in ji ta. Ba da gatse ta faɗa ba.

Dogo ne ya sassauta wurin. Ya ba su labarin yadda masu ofis suka ji ma'aikata suna ta faɗuwa da hawan jini, wasu suna ajiye aiki, sai suka ɗauko wata mata mai ƙamshin turare ta tara su a ɗakin taro ta koya musu yadda ake jan numfashi a sauke. Ya ce shi ya ɗaga hannu ya ce ranki ya daɗe, numfashi mun iya tun ranar haihuwa, mutane za a ƙaro mana. Har matar Likita sai da ta murmusa. Sista ta mayar da maɗauran cikin jaka suka tafi, don akwai masu jiransu.

Tela ya rufe shago. Ya mayar wa masu ɗinki yadinsu da ban haƙuri, ya ɗauko kujerarsa ta aiki ya kafa a gefen gado. Ya koyi riƙon da kansa. In ya kama wuyan hannu, Likita sai ya ƙara fizga. In ya sa tafinsa cikin nasa kamar masu gaisawa, sai ya ɗan lafa. Ya gano kuma idan ya ba yatsun abin yi suna barin roba, don haka ya kawo ragowar yadi ya ƙuƙƙulla, Likita ya kwance, shi ya sake ƙullawa. Wani lokaci sukan wuni a haka, ɗaya yana ƙulli ɗaya yana kwancewa, kamar yara. Likita yakan ce, "Yauwa, tashi ka miƙe ƙafa," yana magana da wanda ya kwance. Tela yakan amsa a madadin mutumin, ya ce ya gode.

Matar tana karɓarsa in ta sami sarari, amma ga girki, ga wankin zanen gado da ba ya ƙarewa, ga nata hawan jinin. Auta an hana ta matsowa tun ranar da ya kamo ɗaurin zanenta ya ja har ta kusa faɗuwa a kan cikin. Maƙwabta sun zo da farko, kowa ya riƙe na ɗan lokaci, ya yi addu'a, ya tuna yana da uzuri. Ba wanda zai zarge su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma jinkar da ba a san ranar sauke ta ba, masu kamawa raguwa suke yi.

Tela ba yaro ba ne. Yatsunsa da ma suna ciwo in an yi sanyi, yanzu suka fara ƙagewa, in ya saki hannun sai ya sa ɗayan ya miƙar da su. Bayansa ya riƙe. Idonsa ya koma kamar na Sista. Wata rana da hantsi, fanka tana juyawa, Likita ya lafa, sai gyangyaɗi ya ɗauke Tela. Ƙarar da ta tashe shi bai taɓa jin irinta daga bakin babban mutum ba. Likita ya kamo robar fitsari ya fizge ta gaba ɗaya, katifa ta jiƙe da jini.

Sista ta baro aiki ta zo. Ta daɗe a kansa, gumi yana ɗiga daga haɓarta, kafin ta samu ta mayar da wata. Da ta wanke hannu ta ce hanyar ta yage, in ya sake cirewa ba mai iya mayarwa, fitsari zai taru ya riƙa murƙususu har ƙarshe. Ba ta dubi Tela ba, ba ta ce masa komai a kan alkawari ba. Bayan ta tafi ne ya ga maɗauran a kan taga, a naɗe, kusa da kwalaben magani.

Bai taɓa su ba a ranar. Ya juya kujerarsa ya ba su baya.

Washegari bayan an ci abincin rana, Likita yana cikin tashinsa mafi tsanani, yana kiran sunayen gadaje yana cewa a kawo masa almakashi, sai aka ji faɗuwar tukunya daga kicin, sannan muryar Auta.

"Baba Tela, Mama ta faɗi. Ga wuta a kunne, na kasa ɗaga ta."

Tela ya miƙe da hannuwan Likita cikin nasa. Ya saki ɗaya, nan take ya nufi robar. Ya sake kamawa. Ya kira sunan maƙwabta ta taga, layin shiru, kowa yana wurin nema. Auta ta sake kira, wannan karon da kuka. Ya ji ƙaurin wani abu yana ƙonewa.

Ya miƙa hannu ya ɗauko su daga taga.

Hannunsa ya san aikin, shi ya fi ba shi tsoro. Ya naɗa na dama, ya zarga igiyar a ƙarfen gado, ya yi ƙullin. Yana cikin naɗa na hagu sai ya ji fizgar ta tsaya. Ya ɗaga kai. Likita yana kallon wuyan hannunsa, idanunsa tar, irin kallon da yake yi wa ɗinki in ya zo karɓa.

"Ka matse da yawa," in ji shi, a hankali. "Sa yatsa biyu a tsakani. In ba su shiga ba, sassauta."

Tela ya sassauta. Ya sa yatsa biyu, suka shiga.

"Yauwa. Haka ake yi." Likita ya mayar da kai kan matashi. "Sai ka dawo ka duba shi. Kada ka daɗe. Irin waɗannan marasa hayaniyar su ake mantawa."

"Yanzu zan dawo, Likita. Wuta kawai zan kashe."

Tela bai san ko Likita ya gane shi ba, ko kuwa wani sabon ma'aikaci yake gani. Ya fita da gudu irin na tsoho.

Ya kashe wutar, ya jefa tsumman da ya kama cikin bokiti. Shi da Auta suka ja matar zuwa baranda inda iska take, suka yayyafa mata ruwa, suka ɗaga ƙafafunta a kan matashi. Ta daɗe kafin ta buɗe ido. Da ta buɗe, mijinta ta fara tambaya. Tela ya leƙa ta labule. Likita yana kwance lamo, ƙirjinsa yana hawa yana sauka, ruwan leda yana ɗiga yadda ya kamata, roba tana wurinta. Rabon da a gan shi cikin irin wannan natsuwa har an manta. Ya dawo ya ce mata barci yake yi. Ta dubi hannuwan Tela da babu kowa a cikinsu, ta gane, ta rufe ido hawaye yana bin gefen kunnenta.

Ya yi niyyar komawa nan take. Amma Auta ta ce ya taimaka ya nemo maganin hawan jinin, ya nemo. Ta ce ya tsaya har ta haɗiye, ya tsaya. Sannan ta miƙo masa shayi, ta ce rabonsa da ya sha abu da zafinsa tun yaushe. Ya karɓa da hannu biyu don yatsun sun ƙi riƙe kofi. Ya zauna a kan tabarma ya jingina da bango, ya ce a ransa yana shanyewa zai tashi. Gidan ya yi tsit. Babu ƙarar ƙarfen gado, babu kira. Tsit ɗin yana da daɗi, kamar ruwan sanyi a maƙogwaron mai ƙishi. Matar ta yi barci. Auta ta jingina kai da ƙofa, hannunta a kan ciki. Tela ya ji zafin kofin yana ratsa yatsunsa suna saki ɗaya bayan ɗaya.

Da ya farka, inuwar bango ta haye baranda ta kai tsakar gida, shayin ya yi sanyi a gefensa, ƙuda yana yawo a bakin kofin.

Ya shiga ɗakin. Fanka tana juyawa, ruwan leda ya ƙare. Zanen gado bai yamutse ba. Likita yana yadda ya bar shi, sai dai kansa ya juya wajen ƙofa, idanunsa a buɗe kaɗan. Yatsun hannunsa na dama sun lanƙwaso baya iya inda za su kai, suna fuskantar ƙullin, saura ƙiris.

Tela ya kira shi Likita. Ya kira shi Yaya, sunan da bai taɓa kiransa da shi ba. Sannan ya kama bakin igiyar ya ja. Ja ɗaya ta warware, ta dama da ta hagu. Ya ɗaga hannun ya juya shi a cikin haske, ya duba ciki da waje. Babu ƙurji, babu ja, ko shatin ɗinki babu. Ya shafa masa ido ya rufe, ya zauna a kujerarsa ya sa tafinsa cikin nasa, ya daɗe a haka kafin ya iya fita ya tashe su.

Aka yi abin da ake yi. Mutane suka cika layin, ma'aikatan asibiti suka zo rukuni-rukuni, kowa da ragowar barci a ido, waɗanda suka zo da safe suka koma don na rana su samu zuwa. Masu gaisuwa suna ta yaba wa Tela, suna cewa maƙwabci irin wannan sai an tona, mutumin da ya rufe shagonsa ya riƙe hannun ɗan'uwansa har ƙarshe. Yakan sunkuyar da kai. Matar tana ji, ba ta taɓa gyara musu ba.

Bayan an watse ya buɗe shago. Wandon nan yana ƙarƙashin allura inda ya bar shi, mai shi bai zo ba, ƙura ta hau. Da hantsi Auta ta shigo da leda ta ajiye a kan tebur, ta ce Mama ta ce a kawo masa, ta wanke ta goge. Ya buɗe bayan ta fita, maɗauran nan biyu ne. Ya ɗora ɗaya a gwiwarsa, ya ɗauko rezar da yake farke ɗinki da ita, ya nemo bakin zaren.

A haka Dogo ya same shi. Wannan karon ta ƙofar gaba ya shigo. Ya yi gaisuwa, ya zauna a benci daidai inda Likita yake zama, ya dubi reza, ya dubi fuskar Tela.

"Ba ka barci ko, Baba?"

Tela ya ce yana yi, sai dai da ya fara sai ya ji kamar ana kiransa daga ɗaki.

Dogo ya gyaɗa kai. Bai tambayi abin da ya faru ba. Ya ce kowa a cikinsu yana da nasa mai kiran, shi nasa wani tsohon direba ne. Ya ce ba ya dainawa, sai dai mutum ya saba tashi ya amsa.

Wata mota ta wuce. Dogo ya yi ta murza hularsa, sannan ya ce shi kunya ma yake ji, amma Sista ce ta aiko shi. An kawo sababbin marasa lafiya, an kuma ɗauke musu ma'aikaci guda. Na wurinsu duk sun tsufa, audugar ta dunƙule. Jiya da bandeji suka ɗaure wani, mai ƙarfi ne, kafin a ankara ya yanke har ana ganin fari. Ta ce ko waɗancan biyun suna nan. Ta ce kuma in Baba zai iya ɗinka wasu, ko guda nawa ne.

Tela ya dubi abin da ke gwiwarsa. Bakin rezar yana ƙarƙashin zaren farko, bai yanka ba, bai zare ba. Maɗaurin yana kwance a gwiwarsa yana ƙamshin sabulu, da ɗumin guga a jikinsa, igiyoyinsa sun zubo har ƙasa. Dogo ya ce ba sauri yake yi ba, zai jira. Ya jingina da bango, ya ɗora hula a gwiwa, kafin wani lokaci numfashinsa ya yi nauyi, kansa ya karkata gefe, bakinsa ya ɗan buɗe wurin haƙorin da babu.

Iska ta shigo ta ƙofa ta motsa igiyoyin a kan siminti. Tela ya sa yatsa biyu cikin maɗaurin, ya bar su a nan.